Muryar Bukari a Wayar Shetu

Shetu na tsane wagashi, cukun da take sayarwa, a bayan la'asar lokacin da wayarta ta yi gyaran murya.

Ta san wannan gyaran muryar ko cikin barci. Na Bukari ne, mijinta, direban motar Sokode zuwa Dapaong, wanda zazzaɓi ya ɗauke tun kafin damina. Kwandon ya suɓuce daga hannunta.

Fuskar wayar ta yi jajir, cike da rubutun Faransanci da ba ta iya karantawa. Muryar kuwa Hausa ce tsantsa, irin ta zango. "Tsaya, saurara. Cuta ta shiga wayar nan. Duk abin da ke ciki zai lalace. A danna kore yanzu, kafin lokaci ya ƙure."

Abin da ke ciki kuwa shi ne duk abin da ya rage mata. Bukari mutum ne mai surutun tsiya, bai iya tsayawa shan mai ba tare da ya aiko mata da saƙon murya ba. "Shetu, kina ji?" Da haka yake farawa kullum, injin mota na gurnani a bayansa, fasinja na cinikin doya. Tun da ta fita takaba, da waɗannan saƙonnin take karyawa, da su take wanke-wanke. Ita kanta wayar shi ya kawo mata daga Dapaong, sabuwa fil a kwalinta, a shekarar da ko taya ya kasa canzawa. Da ta tambaye shi inda ya samo, dariya ya yi ya ce tuwonsa na hucewa.

Ta kife wayar a tabarma ta yi ta a'uziyya. Mamaci ba ya dawowa, wannan ta sani tun tana makarantar allo. To amma kunne ai nata ne.

Washegari muryar ta dawo, jibi ma haka. Ba ta kira sunanta ba, babu ƙarar inji, babu hayaniyar tasha, shiru kawai a bayanta kamar daga cikin ɗaki rufaffe. Shetu ta ce a ranta, ai inda yake yanzu babu mota. Ba ta gaya wa kowa ba, don Mairama maƙwabciyarta za ta kai zancen kasuwa kafin azahar. Tsoro take ji, kuma gaskiyar magana, daɗi take ji. Mutumin da ya tafi ya bar ta bai manta da ita ba.

Ta danna koren.

Wata garkuwa ta bayyana, sai wata 'yar tsintsiya ta hau share fuskar wayar, dama da hagu. Aka tambaye ta abubuwa da Faransanci, ta yi ta amsawa da yatsa. Da aka gama, komai ya koma kore shar. Ta sauke ajiyar zuciya ta buɗe wajen saƙonni don ta ji "Shetu, kina ji?"

Wayam. Ko ɗaya babu.

Ba ta yi kuka ba. Da yamma fuskar ta sake yin ja, muryar ta sake gyarawa, ta ce cutar ba ta fita duka ba, a sa kiredi, wato kuɗin waya, a ƙarasa aikin. A nan tsoron ya canza kama. Ashe ba gargaɗi ya zo yi ba? Ko zuwa ya yi ya karɓe muryarsa, don ta hana shi kwanciya da yawan saurare?

Ta rufe sana'a ta hau motar Dapaong, hanyar da ya yi rayuwarsa a kai. Har suka sauka, wayar na ƙunshe a haɓar zaninta, a kashe.

Karim, ƙanen Bukari, yana da rumfar gyaran waya a bakin kasuwa. Ya tarbe ta da ruwa, amma da ta miƙa masa wayar sai ya tsaya kallonta kamar an ba shi garwashi. Ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dube-dube, ya share gumi.

"Matar Yaya, abin da kika sa ba maganin komai ba ne. Babu cutar da ta kama wayar. Shi ya share saƙonnin, kuma ba sa dawowa."

"Yayanka ne ya ce in danna," in ji Shetu. "Da bakinsa."

Karim ya cire wayar daga jikin kwamfutar.

Sai ga gyaran murya daga kan benci. Ba daga wayarta ba, daga ta wani mai zemijan, babur ɗin haya, da ke jiran a canza masa gilashi. "Tsaya, saurara. Cuta ta shiga wayar nan." Mai babur ɗin ya ja tsaki ya kashe. "Wannan tsohon ya ishe mu," ya ce. "Har a garin Korbongu shi ne."

Shetu ta dafa ginshiƙin rumfar. Ta dubi Karim, ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Wasu samari ne suka ji Yaya yana kiran fasinja a tasha," ya ce a hankali. "Suka shigar da shi ɗaki suka ba shi takarda ya karanta, suka ɗauki muryarsa. Wallahi bai san ta mece ce ba. Ya ce shi ba kuɗi yake so ba, matarsa ba ta da waya mai ɗaukar murya. Wannan da ke hannunki ita suka biya shi da ita."