Wakilin Dakta Wiratmo

Pak Kasmuri, wato Malam Kasmuri a yaren garinsu, ya gyara wuyan rigar atamfar batik ɗin da ba tasa ba, ya hakimce a kujerar da aka ware wa Dakta Wiratmo. Sana'arsa ke nan: in malamin kwaleji ya ji ƙyuyar zuwa taro, sai Kasmuri ya je ya zauna masa, ya yi ta gyaɗa kai, ya karɓo takardar shaidar halarta. Shi Dakta yana can bakin tafki yana kamun kifi. Ba takardar nan, ba ƙarin girma. In kuwa asiri ya tonu, Dakta ya rasa kujerarsa, Kasmuri ya koma acaɓar da ya rantse ya bari har abada.

Dutse mai aman wuta ya kwana yana watsa toka, kowa da takunkumi a fuska, ga shi an kwaso malamai da ɗalibai daga kwalejoji daban-daban, ba wanda ya san wani. Aiki ya zo da sauƙi. Abin da ke ƙona masa rai kawai, ba mai ganin gashin bakin da ya ɓata safiya yana gyarawa.

Taron wai na horon lafiyar ƙwaƙwalwa ne. Kasmuri ya dubi masu ƙwaƙwalwar, ya ja tsaki a ransa. Na damansa ya buɗe kwalin shinkafarsa tun kafin addu'ar buɗe taro, yana zura loma ta ƙarƙashin takunkumi. Na hagunsa ya harɗe hannu yana barci irin na wanda ya saba yinsa a zaune. Wata shugabar sashe kuwa sai tattara ragowar kwalaye take tana cusawa a jaka. Waɗannan ne ake ba 'ya'yan mutane su koyar, shi kuma mai basira yana yawo da rigar aro!

Mai ba da horon, Farfesa Handoko, ya fito cikin kwat da ta yi masa yawa, yana bin rubutun allo kalma-kalma: a yi barci isasshe, a motsa jiki, a rage latsa waya. Kakar Kasmuri ma ta san wannan, ba ta taɓa shiga aji ba.

Sai aka zo wasan motsa ƙwaƙwalwa: hannun dama a hanci, na hagu a kunne, a tafa, a sauya. Daktoci suka shiga marin kansu. Dokar sana'ar Kasmuri ita ce kada ka yi fice, amma ina! Ya yi sau ɗaya, ya ji daɗi, ya ƙara sauri har da rausaya kafaɗa.

"Pak mai batik ruwan ƙasa, taso," in ji Farfesa. "Gaya wa ɗalibai amfanin barci ga ƙwaƙwalwa."

Kasmuri ya miƙe. Ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Ƙwaƙwalwa injin babur ce, 'ya'yana. Ka hana ta hucewa, ta buga maka a tsakiyar titi, fasinja ya sauka bai biya ba."

Zaure ya ɗauki tafi, har mai barcin ya farka yana cewa wallahi haka ne. Farfesa bai tafa ba. Ya ƙura wa hannuwan Kasmuri ido, ya ce a hankali, "In an tashi, ka same ni a ɗakin baya."

Kafin Kasmuri ya isa ɗakin ya shirya ƙarya kala-kala, duk ta gudu da Farfesa ya turo ƙofa.

"Kai ba Dakta ba ne. Wannan kanta ta hannunka ta riƙon kan babur ce."

"Ranka ya daɗe, ni ƙaninsa ne, ciwo ne ya kwantar da..."

"Haba Mas, ɗan'uwa, rage murya." Farfesa ya cire takunkumi, ya zare kwat ɗin ya linke ta da kulawar mai tsoron ɓata kayan mutane. "Duk zauren nan 'yan haya ne, har ɗaliban, amma kai kaɗai ka iya aikin. Jibi Farfesan da ya aiko ni yana da wani horon a garin Solo, ni kuma ina da kiɗan biki. Za ka riƙe mini?"