Gorubar Kawu Sale

Kawu Sale ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa 'yan golf, masu dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, jaka a Kano. Ya dawo Bunkure da tsohuwar sanda ɗaya da gardama ɗaya: wai wani zakaran golf ya fi duk 'yan wasan duniya.

Wata la'asar muna bakin kanal, babbar hanyar ban ruwa, muna jiran ruwa ya iso gonar tumatir, bakina ya ƙi zama. Na ce, "Kawu, mutumin da ko gumi ba ya yi? Ɗan damben Kura zai karya kumallo da shi."

Bai yi dariya ba. Ya ɗora goruba a kan kunya, ya miƙo min sandar. "Tsallakar da ita kanal, in yarda na ɓata shekaruna."

Dukan farko na kwashi taɓon da zai gina ɗaki. Na biyu na fille tumatir. Na uku ni na faɗa kanal, goruba ko gezau.

Kawu ya tsamo ni ya ce, "Ba ta gudu, ba ta ramawa. Da kanka kake dambe."

Kawu ya rasu, sandar tana bayan ƙofata. Har yau ban tsallakar da goruba ba, kuma na kasa daina gwadawa.