Ƙugun Hajiya Kande

Tun da aka hana faɗin lambobi da baki, sai dai a nuna su a allo, Hajiya Kande take zaman lafiya da ƙugunta. Madubin shagon ɗinki ya nuna mata 48, ta kalla kamar lambar gidan wasu, ta wuce.

Ranar awon anko, bakin Gwaggo Tabawa mai ɗinki ya suɓuce: "Arba'in da takwas."

Kande ta dafe ƙirji. "Ni? Gwaggo, ki ji tsoron Allah!"

"Shekara da shekaru kina ganinta fa."

"Wancan ai zane ne. Wannan har cikina na ji ta!"

Jar fitilar da hukuma ta maƙala a shagon don sauraron masu faɗin lambobi ta ƙifta. Gwaggo ta yi saurin toshe bakinta da hannu. Kande ta matso, ta rage murya: "Na maƙwabciyata Asabe fa? Faɗa min da baki."