Farin Tabon Bindigar Baba

Ina ɗan shekara tara na yi wa bindigar Baba wanka. Tsohuwar kalibar duz ce, wato mai lamba sha biyu, irin wadda ake jan hannun itacenta baya a tura gaba, ta ce ƙaras-ƙaras, harsashi ya hau. Kakanmu ya samo ta wajen wani bature mai farautar barewa a dajin Tanut. Baƙa ce wuluk, ni kuwa a ganina dauɗa ce.

Rannan bayan azahar Baba ya kora raƙuma rijiya. Na sauko da ita daga kan ƙusa, na ɗebo yashi da toka, na shiga dirzar bakinta yadda Inna ke yi wa gindin tukunya. Na ci kusan taki guda, wurin sai ƙyalli yake, ina ta jin daɗi. Sai ga inuwarsa a kaina.

Na sa rai da dorina, amma bai ɗauko ba. Tsugunawa ya yi, ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe. Ya ce, "Kai, yaro, shekarunta ne ka kankare."

Yau tsofaffi irinta huɗu gare ni har da ita, kowace da takardarta, kuma daga ƙarar jan hannun itacen kaɗai nake gane wadda aka riƙe da kyau. Masu saye daga Damagaram in sun ga farin tabon sai su ce ya kashe mata daraja. Gaskiyarsu. Sai in mayar da ita kan ƙusarta, in ce su duba sauran ukun.