Makara a Layin Masu Ƙafa

Tun da aka gyara babban titin aka raba shi uku: na bas, na keke, na masu tafiya a ƙasa. Ƙofar kowane layi da takun ƙafa take gane mutum. Maƙabarta kuwa tana tsallaken titi.

Sagir na cikin masu ɗauke da makarar mahaifinsa, Malam Tanimu, sai ƙofar masu ƙafa ta ƙi buɗewa.

"Akwai wanda ba ya taka ƙasa a cikinku," in ji ƙofar cikin ladabi. "A sauke shi ya taka."

Kawu Ilu ya daka mata tsawa: "Ke, gawa ce! Gawar ce za ta taka?"

Rana ta take, Sagir ya dubi kawunsa.

"Kawu, ko mu zaga ta gada?"

"Da wannan zafin? Ɗana, mamaci ba zai jira ba."

Nauyi ya rinjayi Sagir. Garin gyara tsayuwa ya ja ƙafar hagu, irin jan da marigayin yake yi.

Ƙofar ta buɗe.

"Sannu, Malam Tanimu," in ji ta. "Kwana biyu ba mu ji ka ba. A dawo lafiya."