Matar da Ba Ta Shiga Laburare

Takardar sallamar tana cikin jakar Badi'a tun ranar Litinin, an sa hannu, an buga hatimi, miƙawa kawai ta rage. Badi'a ce mai kula da ƙananan ma'aikata, kuma magatakardan jami'a ya ba ta wa'adi zuwa Alhamis: ko Inna Uwaliya ta shiga laburare ta yi shara kamar kowa, ko ta ajiye tsintsiya.

Jami'ar ba wata babba ba ce. Tsangaya uku, gine-gine shida a tsakiyar gonakin dawa, kan hanyar da ta tashi daga Gwarzo ta nufi Kabo. Ɗaliban ba su kai ɗari bakwai ba. In ka yi atishawa a ajin lissafi, kafin la'asar ɗakin kwanan mata sun ji kana mura.

Laburaren ya ci sunan Dakta Najmuddeen Balarabe. Shi ne malamin farko da mai jami'ar ya ɗauko daga Kano. Shi ya auna filin, shi ya dasa darbejiyoyin nan, ya kuma rasu a haɗarin mota saura wata biyu a buɗe makarantar, yau shekara tara. Ɗalibai ba sa cewa laburare. “Mu haɗu a Najmuddeen.” “An buɗe Najmuddeen?” Haka za ka ji ana yi tun safe. Ƙaton hotonsa yana fuskantar ƙofa, yana murmushi.

Ita Inna Uwaliya daga wani ƙauye take bayan Gammo, mai unguwarsu ya kawo ta cikin masu shara tun shekarar farko. Ba ta makara, ba ta ƙorafi, ko banɗaki aka ba ta sai ya yi ƙal. Amma laburare, a'a. Ko ta gaban ƙofar ba ta bi, zagayawa take ta baya. In ta kama dole ta ambaci wurin, sai ta ce “ɗakin bawan Allan nan”. In wani ya kira sunan kusa da ita, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Abin da ya ɗaure wa mutane kai, kullum bayan azahar tana nan zaune gindin darbejiyar da ke gefen ginin, inda ɗalibai suke kai da kawo, ba ta ce wa kowa uffan.

Ɗalibai kuwa, Allah ya shirye su, suka ɗinka labari har da aljihu. Wai ta taɓa ganin marigayin tsakanin kantocin littattafai da rana tsaka. Wai gonar kakanninta ce aka yi ginin a kai, ta yi wa wurin baki. Wai hoton yana bin mutum da ido. A makon jarrabawa 'yan mata biyu suka faɗi a ciki suna ihu, sai da aka ɗauko mai ruƙiyya. Iyaye suka fara bugo waya, uku suka zo suka kwashe 'ya'yansu.

Badi'a ba ta yarda da wannan shirme ba, ko da yake ita ma kwanan nan in ta shiga ba ta ɗaga kai. Ta duba ɗan littafin tarihin jami'ar. An kawo sunan mahaifin Dakta Najmuddeen, da gidan baffansa da ya tashi a Kano, da digirorinsa reras. Ba maganar gona, ba rigima da kowa. Ta tambayi sauran matan shara 'yan ƙauyen, suka kalli juna.

“Hajiya, ai ba maganar bakinmu ba ce,” in ji ɗaya.

Ranar Alhamis bayan azahar Badi'a ta sami Inna Uwaliya gindin bishiyar. Ta durƙusa, suka gaisa, gida, gajiya, damina, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

“Inna, don Allah minti goma. Ki shiga ki share bakin ƙofa, ɗalibai su gani, magana ta mutu. Ni zan raka ki.”

“Ba zan iya haɗa ido da shi ba, 'yar nan.”

Badi'a ba ta haƙura ba. Ta yi roƙo, ta yi lallashi, har ta ɗan ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi wa tsohuwa ba. Inna Uwaliya tana ta kallon ƙasa. Wallahi Badi'a ta ji tausayinta, amma ita ma umarni aka ba ta. Ta miƙa takardar, ta karɓi katin shiga makaranta, ta sanar da ita cewa daga gobe masu gadi ba za su bar ta ta wuce ƙofa ba.

Tsohuwar ta jingina tsintsiyar da bishiya a hankali. A daidai lokacin wani ɗalibi ya ƙwala wa abokinsa kira daga nesa: “Kai, ina Najmuddeen, ka same ni!” Ta rufe ido har muryar ta ɓace.

“Aikin kam a riƙe, ba komai,” ta ce. “Zaman nan kawai nake roƙo a bar mini. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a duniya, bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Yanzu nan ne kaɗai nake jin ana kiransa, kamar zai amsa.”

Badi'a ta ji katin ya yi mata nauyi a hannu. “Inna, me ya yi miki haka, da ba kya iya faɗin sunansa?”

Karon farko tsohuwar ta ɗago ta dube ta, idanun sun cika taf.

“Haba 'yar nan, ku a garinku uwa tana kiran sunan ɗanta na fari?”