Rariyar Mai Tuwo-Tuwo

Saminu, matarka ta gaya mini komai. Wai tun da ka fara zuwa wankin ƙoda ka jingine ƙwayar rage kitsen jini da likita ya ce ka ci gaba da sha, kana cewa ai na'ura tana wanke komai. Haba ɗana! Na'urar nan aikin ƙoda take yi maka, zuciya fa, wa ka bar wa? Matso kusa da gwaggonka ka ji abin da ya sami wata mai tuwo-tuwo.

Matar nan a gida take dafa abincin sayarwa, kuma miyarta ba ta rowar mai: ga kitse, ga man shanu. In an gama ciniki sai a wanke tukwane a sheƙa ruwan a rariya, rariyar kuwa ta bi ta ƙarƙashin bangon ɗakin da take kwana da 'ya'yanta. Bangon ƙasa ne. Da can kowace yamma takan zuba ruwan toka mai zafi a bakin rariyar don ya narkar da maiƙo. Da ciniki ya buɗe sai ta sami ɗan garuwa yana zuwa yana kwarara ruwa, ya kore shara da guntun tuwo, tsakar gida ta yi fes. Ta ce to, ina amfanin wahalar toka, ga ruwa har ya yi yawa? Ashe ruwan sanyi shara kawai yake kora. Maiƙo daskarewa yake yi a ciki, yau kaɗan gobe kaɗan, har hanya ta tsuke, ruwa ya riƙa komawa baya yana cin gindin bango, ita ba ta sani ba. Ran nan da hantsi tana tuƙa tuwo ta ji ƙasa ta zubo. Ta waiga, sai ga tsaga a bango daidai inda autarta ke barci. Wallahi yar da muciya ta yi, ta suri yarinyar. Allah ya rufa asiri bangon bai faɗi ba. Maƙwabta suka taru aka tone rariyar, aka yi ta ciro daskararren mai fari fat, aka yaɓe bango. Ba ta sallami ɗan garuwa ba, don in ba shi gidan ba ya zaunuwa, amma duk gajiyarta ba ta ƙara kwanciya ba sai ta zuba ruwan tokarta. A ɗakin nan yarinyar ta girma.

To kai ma naka bangon bai faɗi ba, alhamdulillahi. Tsoron rasa ka nake ji, shi ya sa nake maka faɗa. In ƙwayar damunka take yi, ka gaya wa likita, kada ka yanke wa kanka hukunci ka bar na'ura da aiki ita kaɗai. Hausawa sun gama magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.